Fatar Ɗan Taguwa

Ruwan farko na bana ya sauka Arlit da la'asar, ba iska, ba gargaɗi. Wanda bai zauna garin nan ba ba zai san abin da hakan ke nufi ba, don mu shekara takan zagayo ba mu ga ɗigo ya taɓa ƙasa ba. Yara suka tuɓe suka fantsama titi, mata suka jera robobi a bakin kwano, har tsohon da ke gyaran rediyo a kwanarmu ya fito ya ɗaga fuska sama yana dariya shi kaɗai. Ni kuwa ina tsaye bakin ƙofa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shige ni, na koma ciki na ja ƙofa. Tun ina ƙarama haka ruwan farko yake yi mini.

Da ciyawa ta ɗan tsiro a bakin ƙorama, mijina Laminu ya kora awakinmu can. Laminu ɗan Damagaram ne, direba, bai gaji kiwo ba. Tun da aiki ya tsaya wajen haƙar uraniyom aka sallame su, shi ne ya sayi ƴan awaki don kada ƴarmu Nana ta rasa madara. Shekaranjiya da hantsi ina wanki na ji bayan ɗaki ya yi shiru, na leƙa. Jar akuyarmu, wadda ta dawo kiwo lafiya lau, tana kwance ciki a kumbure, baƙin jini na tsatsafowa daga hancinta da ƙarƙashin wutsiya. Laminu na tsugune kanta da wuƙa. Ya riga ya tsaga fatar ƙafar baya, yatsunsa duk jini.

"Naman dai ya haramta," ya ce, bai ko ɗago ba. "Amma fatar nan salkar ruwa ce mai kyau. Direbobin Agadas rububinta za su yi."

Ban san sa'ad da na yi ihu ba. Maƙwabta sun ce har bakin fanfo an ji ni. Laminu ya san Abbana ya rasu ina ƙarama, amma yadda aka yi ya rasu, sai jiya ya ji.

Shekarar ina ƙarama a lekol, wato makarantar boko, muna zaune Bukkoki, gefen gari, inda ake yin ɗaki da gwangwani da kwali da tabarma. Abbana Buzu ne daga wajen Dannet. Fari ya cinye masa garke tun ba a haife ni ba, ya shigo gari, ya auri Innata, Ba'adara daga Tawa. Cikin dukiyarsa duka, taguwa ɗaya ta rage masa, farar raƙuma, yana kiranta Tamallat. A shekarar tana da ɗa, mai dogayen ƙafafu kamar an aro masa su.

Bazarar ta yi tsawo har tsofaffi suka daina duban gabas. Kafin hantsi kwanon ɗaki ya fara ƙas-ƙas. Ƙofar gwangwani in ka dafa ta da azahar sai ta bar maka shaida. Iska in ta taso daga wajen tudun duwatsun da kamfanin uraniyom ya tara, ji kake kamar an buɗe bakin tanda a fuskarka. Gero ya yi tsada, masu awo suka daina kallon idon mutum. Cikin haka Inna ta kwanta zazzaɓi, ta tashi nononta ya ƙafe, ga ƙanena Sidi bai kai yaye ba. Aka gwada masa kunu, ya amayar. Wata maƙwabciya ta ba mu madarar gwangwani, ya yi zawo har idanunsa suka faɗa. Nonon Tamallat kaɗai cikinsa ya karɓa.

Da an sallame asuba, Abba zai saki ɗan taguwar ya je ya tsotsa kaɗan. Taguwa ba kamar akuya ba ce, in ba ta shinshini ɗanta ba ba ta sakin nono, ko za ka yini kana matsa. Da nonon ya sauko, Abba ya ture ɗan da kafaɗa, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya ɗora akushi bisa gwiwa ya tatsa. Ƙarar nono cikin akushi ita ke tashe mu. Inna ta fara ɗibar na Sidi, sauran ta ɗura a kwalabe, in kai site, unguwar ma'aikata, kafin in wuce lekol. Can kowane gida da fanfonsa, har da itatuwa masu ganye, nakan tsaya ƙarƙashin guda in huta kamar tawa ce. Abin da aka samu a yi awon gero, a dama fura tsararo wadda kana hango gindin ƙwarya. Da yamma ni da Inna mu bi layin bido, jarkokin ruwa, a fanfo, mu biyo ta kasuwa muna tsintar kwalaye. A jiƙa kwalin, a yayyage shi, a barbaɗa dusa da ɗan gishiri, abincin Tamallat ke nan. Abba kuma ya yini a daji da doguwar sanda yana kaɗo mata ƴaƴan itacen kandili, ya dawo hannuwansa duk ƙujewar ƙaya.

Ko cikin yunwar suna tsokanar juna.

"Buzun nan," Inna kan ce, "tsakanina da taguwar ga, wa ka fi so?"

"Ba'adara," in ji Abba, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, "kai kana ba ni magana, shi yana ba ni nono. Ka yi hukunci da kanka."

Sai ruwa ya zo. Na tuna muna tsaye cikinsa da kayan jikinmu, Abba ya kwance rawani ya bar ruwan yana dukan kansa, abin da ban taɓa gani ba. Ƙorama ta kawo, ta kwana, ta ƙafe. Bayan ƴan kwanaki ƙasa ta yi kore-kore da ciyawa gajera, wadda dabba ba ta iya tsinka sai ta haɗa da ƙasa. Duk mai bisa a Bukkoki ya kora kwarin ƙoramar, Abba ma ya kai Tamallat da ɗanta. An manta cewa a wannan kwarin aka jibge mushen bisashe a farin baya. Ruwa ya tono ƙasusuwan, bisashe masu yunwa suna tauna su. Daga baya aka gaya mana ƙwayar ciwon saifa takan kwanta cikin ƙasa shekara da shekaru, tana jiran ruwa ya ɗago ta.

Da safe ɗan taguwar yana tsalle. Da la'asar ya durƙusa yana rawar jiki. Kafin magariba ya miƙe. Jinin da ya fito hancinsa baƙi ne kamar kwalta, kuma ya ƙi daskarewa.

Dokar ba ɓoyayya ba ce. Rediyo na faɗinta da Hausa da Tamajak, masu rigakafi ma duk zuwan da suka yi sai sun maimaita. Bisa in ta faɗi farat ɗaya da jini a hanci, ba a yanka ta, ba a feɗe ta, ba a ja ta zuwa wani wuri. A sanar da biron kiwo, ofishin likitocin dabbobi, su zo su ƙone ta ko su rufe ta cikin rami mai zurfi da laso, farar hodar nan mai kashe ƙwayar cuta, a tsare bisashen wurin har a yi musu allura. Abba ya san dokar. Ciwon ma ya san shi tun kafin doka, a daji ya girma. Ya tsaya nesa da mushen, ya rufe shi da ƙaya, ya ce kada wanda ya matsa.

Tatsar yamma Tamallat ta ƙi. Ta asuba ma ta ƙi. Abba ya lallashe ta, ya shafa wuyanta, ya yi mata ƴar waƙar da yake mata, hantsarta cike amma ko ɗigo. Sidi ya yi kuka tun magariba, zuwa safe kukan ya koma ɗan ƙugi a maƙoshi. Da hantsi Abba ya ɗauko wuƙa ya hau wasa ta a dutse.

Makiyaya suna da dabara tun kaka da kakanni. In ɗan taguwa ya mutu, a feɗe fatarsa, a cusa mata busasshiyar ciyawa, a ɗinke, a kafa mata ƙafafun itace. Lokacin tatsa a kawo wa uwar ta shinshina, sai ta saki nono. Abba yana da sunan abin da Tamajak, mu yara ɗan ƙarya muke ce masa.

Ya kore mu ɗaki. Ya zura hannuwansa cikin ledoji ya ɗaure da zare. Na leƙa ta hujin gwangwani, na ga ledar ta yage tun a ƙafar farko. Ya dubi hannun, ya dubi ɗakin da Sidi yake, ya ci gaba. Naman da ƙashin ya binne su a rami. Zuwa la'asar ɗan ƙarya ya tsaya da ƙafafunsa, wuya a karkace, ramukan ido a rufe da tsumma.

Tamallat ta miƙo wuya, ta shinshina shi daga kai har wutsiya, ta yi wani nishi mai tsawo. Sai muka ji ƙarar nono cikin akushi. Inna ta zauna daɓas a ƙasa, ta rufe fuska da zane.

"Daga yau a tafasa shi," Abba ya ce. "Kuma ba a kai site. Na gida ne."

Inna ta ɗago. "Kai da ka ce mai tafasa nonon taguwa bai san darajatai ba?"

"Na ce a tafasa."

Ya ɗaga ɗan ƙarya ya rataye shi can ƙololuwar dirkar rumfa. Ya ce duk yaron da ya taɓa shi sai ya karya masa hannu. Mutumin da bai taɓa ɗaga mana yatsa ba.

Kwanakin da suka biyo nono kaɗai muka sha, tun da babu kuɗin awon gero. Sidi ya farfaɗo, har ya fara kama ƙafar gado yana miƙewa. Ni ce mai zuba wa Abba ruwan alwala, don haka ni na fara ganin ƙurjin, ɗan ƙarami a bayan hannun hagu, kamar cizon sauro. Ya ce ƙaiƙayi ne kawai. Washegari bai kira ni ba, ya ɗauki buta ya zagaya bayan ɗaki. Abba kullum hannun rigarsa a naɗe yake bisa kafaɗa, amma cikin wannan zafin ya sake shi har ya rufe yatsu.

Asirin ya tonu ranar da akushi ya suɓuce masa, nono ya malale a ƙasa. Inna ta zo a guje, ta cafki hannun rigar ta yaye. Hannun ya yi biyun ɗan'uwansa, kumburin ya haura kafaɗa ya fara cin gefen wuya. Tsakiyar ƙurjin baƙi ƙirin kamar an ɗana gawayi, kewaye da ƙananan ƙuraje masu ruwa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Mi na wanga? Tun yaushe?"

"Rage murya, yara na ji. Ba ya ciwo."

"Tashi mu tai likita."

"In na je, likita zai gaya wa mutanen kiwo. Dokarsu ke nan, bakinsu ɗaya. Su zo su ƙone fatar. In sun ƙone, me Sidi zai sha? Bari ya yi ƙwari kaɗan. Wata ɗaya kawai."

"Kai kana da wata ɗaya?"

Ya duƙa ya ɗauki akushin da hannun dama, yana goge masa ƙasa.

Ba zan ce Inna ta tashi nan take ba, don ba haka aka yi ba. Yinin nan duka a gida ta yi shi. Ta shafa masa man shanu, ta ɗaura masa ganye. Na gan ta zaune tsakanin tabarmar Abba da ta Sidi, ta dubi wannan, ta dubi wancan, har rana ta faɗi. Da gari ya waye muryar Abba ta sauya, tana fita da ƙyar kamar an shaƙe shi. Ta yafa mayafi, ta goya Sidi, ta kama hanyar biron kiwo a ƙafa. Abba ya kira ta sau ɗaya, ba ta waiwayo ba.

Likitan bisashe wani dogon Bazabarme ne mai furfura. Ya zo da mota da mutum biyu sanye da safar hannu, da buhun laso da bidon gazuwal, man manyan motoci. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya tsaya ƙarƙashin rumfa ya daɗe yana kallon ɗan ƙarya a rataye, ƙudaje na binsa.

"Wa ya ɗinka?" ya ce.

"Ni ne," in ji Abba daga kwance.

"Ɗinkin ya yi kyau." Ya tsuguna kusa da shi. "Baba, ba kamu na zo yi ba. Motar nan likita za ta kai ka tukuna, sannan mu yi namu aikin."

"Ka bar mini fatar. Yaron ba ya shan komai."

"Ba zan iya ba, Baba. Ko na so, ba zan iya ba."

Mutum biyun suka ɗauke shi. Yana cikin motar yana leƙen dirkar rumfa, ba mu yake kallo ba.

Da doguwar sanda suka sauke ɗan ƙarya. Suka tone ramin da Abba ya yi, suka ƙara masa zurfi, suka zuba gazuwal suka cinna wuta. Har yau in ana babbaka a unguwa sai na shige ɗaki. Tamallat na ɗaure tana ruri, tana fizgar igiya har gwiwarta ta fashe. Da wutar ta mutu suka zuba laso, wurin ya yi fari fat. Tabarmar Abba da akushin ma wuta suka shiga. Aka yi wa bisashen Bukkoki allura, aka hana fita da su kasuwa ko kiwo, mu kuma aka ba mu ƙwayoyi mu sha. Mutane suka yi ta ƙorafi, wasu suka daina gaida Inna a layin fanfo.

Abba bai dawo ba. Masu aikin likita sun ce da ya zo tun ƙurjin na kamar cizon sauro, ƙwayoyi kaɗai sun isa. Ba a bari mun taɓa shi ba. Daga nesa muka ga an fito da shi.

Nonon Tamallat ya ƙafe cikin mako. Kullum in an kwance ta sai ta je ta durƙusa a kan farin wurin nan. Da aka ɗage tsaron, wani ƙanen Abba ya zo ya tafi da ita Dannet.

Abin da na kasa haɗiyewa har yau shi ne, Sidi ya rayu. A gidan likitan da aka kwantar da Abba wata ma'aikaciya ta gan shi a bayan Inna, ta auna damtsensa, ta sa shi cikin yaran da ake ba madarar masu tamowa. Wata Bafulatana maƙwabciyarmu mai goyo kuma ta riƙa ba shi nono safe da yamma. Ashe akwai hanya, Abba ne bai san da ita ba, kuma ya ji tsoron ƙofar da za ta nuna masa. Yanzu Sidi ya fi Laminu tsawo, yana gyaran mota a tasha, in ya zauna gaban tuwo sai an yi masa ƙari. Bai san fuskar Abba ba. Nonon taguwa ma ba ya sha, wai yana ɓata masa ciki.

To, shekaranjiya da na ga Laminu da wuƙa, duk wannan ne ya taso mini lokaci guda.

"Ajiye! Baban Nana, don girman Allah ajiye wuƙar nan! Kada ka taɓa fuskarka, kada ka taɓa Nana!"

"Ke Gaisha, lafiyarki? Akuya ce fa ta mutu, ba mutum ba."

Na ɗauko sabulu da ruwan jabel mai kashe ƙwayar cuta, na tsaya daga nesa ina zuba masa, ina cewa ya cuɗa, ya ƙara cuɗawa. Da ya ga na ɗauko salula sai ya miƙe. Lambar biron kiwo tana ciki tun ranar da na sayi salular.

"Wa za ki kira? In suka zo awakin unguwa duka za su tsare. Maƙwabcinmu Malam Idi yana da raguna zai kai kasuwa ranar Asabar. Da wane ido zan dube shi? Bari in binne ta, magana ta ƙare."

"Wuƙar ta shiga, Baban Nana. Jinin ya taɓa ka."

"To sai me? Ga ni tsaye."

Abba ma a tsaye yake. Na danna lambar.

Yanzu likitar bisashe mace ce, ba ta fi ni shekaru ba sosai, a babur ta zo kafin motar ta biyo ta. Ta dubi jinin, ta ɗebi kaɗan a ƴar kwalba, ta ce sai an gwada kafin a tabbatar, amma ba za a jira ba. Rami, wuta, laso, kamar dai wancan karon. Warin ƙunar ma shi ne. Ta rubuta wa Laminu takarda zuwa likita, ta ce yau ba gobe ba. Ya tafi fuska a murtuke, ya dawo da ƙwayoyi ya jefa su kan gado. An tsare bisashen unguwarmu. Matar Malam Idi ta wuce ƙofarmu tana cewa da ƙarfi, wai wasu sun je kolej sun karanto mushe. Laminu ya ci abinci ya kwanta ya ba ni baya.

Jiya bayan la'asar yana zaune a inuwar bango, na ɗauko kujera na zauna gabansa. Na ba shi labarin Tamallat da ɗan ƙarya da hannun rigar Abba, tun daga farko. Da na gama ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya tashi ya shiga ɗaki. Na ji ƙarar ledar ƙwayoyin.

Yau da safe ina hura wuta ya dawo daga masallaci. Ya zo ya tsaya a gabana. Ya naɗe hannun rigarsa na dama har kafaɗa, ya naɗe na hagu, ya miƙo mini hannuwan biyu cikin hasken safiya, yana juya su ciki da baya.

"Duba da kyau, ƴar Buzu," ya ce. "Gobe ma zan kawo miki."

Na duba bayan hannu, na duba tsakanin yatsu, na duba gwiwar hannu. Akwai ƴar ƙujewa a babban yatsa, busasshiya, ba ja, ba kumburi. Likita ta ce a sa ido har mako biyu. Na riƙe yatsan na daɗe ban saki ba, shi ma bai janye ba. Can wajen duwatsun gabas hadari na sake haɗuwa, yaran unguwa sun fara ihu.